Hunturu, kaskon wuta da dabarar ɗuma daɓe

Duk wanda harkar kasuwa ko aikin gwamnati ya bi da shi ta mararrabar Takieta da asuba a cikin waɗannan watanni, ko daga Maraɗi ya fito zai shiga Damagaram, ko kuwa zai karkata kudu ta Matamaye ya nufi Daura da Kano, ya san abin da Bahaushe yake nufi in ya ce ɗari. Direbobi da yaran mota sun kewaye wutar kara da tsofaffin kwalaye, mai shayi ya naɗe kai da rawani har hanci, iskar arewa maso gabas tana kaɗawa da ƙura, kowa ya cusa hannu cikin hammata. Alhali kuwa in aka duba ma'aunin zafi, sanyin darenmu a watan Janairu yakan tsaya ne wajen digiri 14 ko 15, sai jefi-jefi ya sauka ƙasa da 10. A duk faɗin Nijar, sai can Bilma da duwatsun Abzin ake samun daren da ruwa zai daskare a ƙwarya. A Bilma ɗin an taɓa auna digiri 2 ƙasa da sifiri cikin watan Janairu na 1995.

Abin takaici shi ne wannan ɗan sanyi na wata uku, daga Disamba zuwa Fabrairu, ba ya wucewa sai ya tafi da rayuka. Kowace shekara sai an ji gobarar da ta tashi daga wutar jin ɗumi ta cinye gida da rumbu, ko a wayi gari a ɓalle ƙofa a tarar da mutane a some, wani lokaci ma sun riga mu gidan gaskiya, ga kaskon gawayi a tsakar ɗaki. Wannan ne ya sa a wannan mako muka ga ya dace mu leƙa ƙasashen da sanyinsu ya fi namu nesa ba kusa ba, mu ga yadda suke ɗuma ɗakunansu ta ƙarƙashin daɓe, sa'an nan mu dawo gida mu tantance abin da zai amfane mu a ciki.

Yadda daɓe yake ɗuma ɗaki

A birnin Yakutsk na ƙasar Rasha, inda mutane fiye da dubu 300 suke zaune, matsakaicin sanyin watan Janairu yana tsakanin digiri 35 da 40 ƙasa da sifiri. Sifiri dai shi ne inda ruwa yake zama ƙanƙara, kuma firigon da ake daskarar da nama a cikinsa digiri 18 ƙasa da sifiri ake saita shi. A wani ƙauye na yankin mai suna Oymyakon an auna digiri 67.7 ƙasa da sifiri a 1933. Arewacin Kanada da Suwidin da Finlan da Norwe su ma sun saba da digiri 30 ƙasa da sifiri. A irin waɗannan wurare, gidan da ɗuminsa ya yanke na ƴan kwanaki sai tiyon ruwansa ya fashe, mai gidan kuma in bai fita ba ya halaka. Saboda haka ɗuma gida ya zama musu ilmi mai zaman kansa, kamar yadda haƙar rijiya ta zama gare mu.

Daga cikin dabarun da ake yawan amfani da su a sababbin gidajen Suwidin da Norwe da Finlan da Jamus da Kanada akwai ɗuma daɓe da ruwan ɗumi. Ga yadda ake aikin. Da farko magini yakan shimfiɗa wani abu mai kauri da yake hana zafi wucewa, irin farin soson nan mara nauyi da ake kare talabijin da shi a cikin kwali. A kansa sai a jera tiyon roba mai kaurin yatsa, ana kai shi ana dawo da shi daga wannan bango zuwa wancan kamar kunyoyin gona, tsakanin layi da layi santimita 10 zuwa 30. Daga nan a kwarara siminti ya rufe tiyon da kamar santimita 5, a shimfiɗa tayil, wanda muka fi sani da karo, ko kuwa katako. Can gefe guda akwai tukunyar da take ɗuma ruwa da gas ko itace ko lantarki, da wani ɗan famfo da yake tura ruwan ya zaga cikin tiyon ya dawo. Ruwan ba tafasasshe ba ne, tsakanin digiri 30 da 45 yake, wato kamar ruwan wankan yaro.

Mai karatu zai tambaya, me ya sa za a binne ɗumi a ƙasa maimakon a ajiye shi a kusurwar ɗaki? Dalili shi ne iska in ta yi zafi sama take yi. Wutar da aka hura a gefe guda takan gasa wa mutum fuska ta bar bayansa da ɗari, mafi yawan zafinta kuma ya taru a rufi inda ba kowa, ƙafafu suna kan daɓe mai sanyi. Daɓen da aka ɗuma kuwa yana fitar da ɗuminsa ne a hankali ta ko'ina, kamar yadda manyan duwatsun Birnin Damagaram suke ci gaba da hucin rana bayan magariba. Ƙafa ta ji ɗumi, kai ya sha iska mai daɗi, ba hayaƙi ba toka ba harshen wutar da zai kama zanen yaro.

Amma fa masu wannan dabara sai da suka sha wuya kafin su gane iyakarta. A Faransa, cikin shekarun 1960, an gina dogayen benaye masu yawa da irin wannan daɓe, aka riƙa tura ruwa mai zafi ƙwarai, har mazauna suka yi ta kukan ciwon kai da nauyin ƙafafu. A 1978 gwamnati ta kafa doka cewa zafin saman daɓe kada ya wuce digiri 28. Ƙa'idar Turai ta yau ma digiri 29 ta yanke wa ɗakunan zama. To, daɓen da aka tsayar a wannan iyaka ba ya ba da fiye da wajen wat 100 a kowane murabba'in mita, wato kwatankwacin ƙwan lantarki guda irin na da. In waje yana digiri 40 ƙasa da sifiri kuma bango da tagogi suna yoyon zafi, wannan ɗan ɗumi ba zai kai ko'ina ba. Shi ya sa maginin Finlan ko Kanada yakan fara ne da kaurara bango da rufi da abin hana zafi wucewa, ya sa tagogi masu gilashi ruɓi uku, ya toshe duk wata kafa, sa'an nan ya zo kan maganar tiyo. Ba a zuba ruwa a tulu mai huda.

Akwai sauran matsaloli. Daɓen siminti yakan ɗauki sa'o'i kafin ya ɗumu, haka nan kafin ya huce, don haka ba abu ne da za a kunna da isha'i a kashe da asuba ba. In wuta ta ɗauke famfon ya tsaya, ruwan da yake cikin tiyo yana iya daskarewa, shi ya sa a gidajen da ba a zama kullum akan gauraya shi da wani sinadari mai suna gilikol da yake hana shi zama ƙanƙara. A Yakutsk kuwa ƙasar da ake gini a kanta ma daskararriya ce shekara da shekaru, in ɗumin gida ya sauka cikinta sai ta narke ginin ya karkace. Saboda haka a can akan ɗora gidaje bisa ginshiƙan siminti, a bar sarari a ƙarƙashi iska tana wucewa. Kowace ƙasa dai da irin ginin da ya dace da ita.

Tsohuwar dabara ce

Tiyon roba ne sabo, ita dabarar kuwa ta haura shekara dubu biyu. Rumawan da sukan ɗora daɓen gidajen wankansu bisa gajerun ginshiƙan tubali, su hura wuta a waje, zafi da hayaƙi su bi ta ƙarƙashin daɓen su fita ta cikin bango. Har yau ana ganin kufan irin wannan gini a Timgad ta ƙasar Aljeriya da Labda ta ƙasar Libiya, gabas da Tarabulus, birnin da fataken Damagaram suka daɗe suna hulɗa da shi ta hanyar ayari. Manoman Kastiya a ƙasar Sipaniya, inda itace ya yi ƙaranci, suna da irin tasu da ake hurawa da tattakar alkama.

A arewacin ƙasar Sin akwai abin da suke kira kang, wani faffaɗan dakali na tubali da yake cinye kusan rabin ɗaki. Hayaƙin murhun girki shi ne yake bi ta wasu hanyoyi a cikin dakalin kafin ya fita ta bututu a waje, wato itacen da ya dafa tuwo shi ne zai ɗuma shimfiɗa, kuma tubalin yana riƙe ɗumin har gari ya waye. Mutanen Koriya sun faɗaɗa abin ya game ɗaki duka, suna kiransa ondol: bakin wuta a madafa, faifayen dutse bisa hanyoyin hayaƙi, a yaɓe da laka a lulluɓe da takarda mai mai, bututun hayaƙi a ɗaya gefen gidan. Su ma kamar mu a ƙasa suke zama su ci abinci su kwanta, kuma takalmi a bakin ƙofa ake barinsa. Wani shahararren mai zanen gine-gine na Amurka, Frank Lloyd Wright, ya ga irin wannan ɗaki na Koriya a birnin Tokiyo, ya koma gida ya sa tiyon ɗumi a daɓen wani gida da ya gina a Madison ta jihar Wiskonsin a 1937, wasu magina suka bi sawunsa.

Akwai wani darasi mai ɗaci a tarihin Koriya da ya kamata mu riƙe. Bayan yaƙin 1950 zuwa 1953 dazuzzukansu sun ƙare, sai suka koma hura ondol da curin kwal. Duk inda daɓe ya tsage, iskar gubar kwal ɗin sai ta sulalo cikin ɗaki mutane suna barci, kuma cikin shekarun 1960 da 1970 ta hallaka jama'a masu ɗimbin yawa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa suka bar hayaƙi suka koma ruwan ɗumi cikin tiyo, wanda a yau kusan kowane gida a Koriya ta Kudu da shi yake amfani.

Gadon ƙasa na kakanninmu

Mu ma Hausawa ba baƙi ba ne ga wannan tunani. Duk wanda ya tashi a karkara ya san gadon ƙasa, wanda ake ginawa da laka a bar masa rami a ƙarƙashi, da sanyi a zuba garwashi a ciki, tsoho ko mai jego su kwanta a kai. Hikimar ɗaya ce da ta mutanen Sin: laka tana shan zafi a hankali tana sakinsa a hankali, kuma jikin mutum take ɗumawa kai tsaye ba tare da an ɓata itace wajen ɗuma iskar da take can saman ɗaki ba. Inda namu ya gaza wuri biyu ne. Na farko, bakin wutar a cikin ɗaki yake, ba shi da bututun fitar da hayaƙi. Na biyu, ba mu sa wa zafin iyaka ba, musamman ga mai jego, wadda akan gasa har fatarta ta yi tabo, ko da a cikin bazara ne.

Likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da take Zariya, Davidson da Parry, sun wallafa wani nazari a 1978 game da ciwon zuciyar da yake kama mata bayan haihuwa, inda suka danganta yawansa da kwanciya bisa gado mai zafi, da wankan jego, da shan kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya a asibitocin Najeriya ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamilu Karaye na Kano, wanda ya fito a 2020, ya fi ɗora alhakin ciwon a kan talauci da rama da hawan jinin masu ciki. Ko ma dai wane ne ya fi kusa da gaskiya, ƙunar fata da shaƙar hayaƙi ba su da mai musu, kuma iyakar nan ta digiri 28 da Faransawa suka sa wa daɓensu ta ishe mu ishara: ɗumin da zai yi amfani shi ne wanda za ka ɗora tafin hannu a kai ka bar shi ba ka janye ba.

Kaskon wuta

Da gadon ƙasa ya ja baya, gadon ƙarfe da katifa suka maye gurbinsa, kasko ne ya zama abokin kwana. A ɗakin kara ko na ciyawa, inda iska take shiga ta ko'ina, haɗarin kasko gobara ce. A ɗakin siminti mai ƙofar ƙarfe da tagar da aka toshe da tsumma, haɗarinsa ya fi haka muni. Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba yakan fitar da wata iskar guba da masana suke kira monoksid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. In ta shiga jini takan kama gurbin iskar numfashi da ƙarfin da ya ninka na iskar fiye da sau 200. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da mutuwar jiki, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya, sai dai ya zarce. Mutane da yawa suna ganin in garwashi ya yi ja hayaƙi ya ƙare to haɗari ya wuce, alhali garwashin da ba ya hayaƙi yana ci gaba da fitar da gubar.

Tun da matatar man SORAZ da take arewa da Damagaram ta fara aiki a 2011 gas ya yawaita a gidajenmu, har wasu sukan kunna murhun gas a ɗakin kwana don jin ɗumi. Shi ma in an rufe ɗaki yana cinye iskar numfashi, kuma yana iya fitar da wannan guba. Haka injin janareto da akan shigar cikin shago ko zaure don tsoron ɓarayi. Duk wanda aka samu da waɗannan alamu a ɗakin da wuta take ci, a fitar da shi sarari nan take, a buɗe ƙofa da taga, a garzaya da shi asibiti ko da ya farfaɗo.

Ga kuma maganar itace. Gandun dajin Takieta mai faɗin hekta fiye da dubu 6, wanda aka kusa rasawa saboda sara da noma, sai da aka yi aikin shekara biyar daga 1995 zuwa 2000 tare da ƙungiyar SOS Sahel kafin manoma da makiyayan yankin su haɗa kai su karɓi kula da shi da kansu. Duk damin itacen da aka ƙona a fili iska ta kwashe zafinsa, daga irin wannan daji aka saro shi.

Abin da ya kamata mu ɗauka

Shin sai mu yi odar tiyo da tukunya daga Turai ke nan? Ko kusa. Sanyinmu na wata uku ne, sauran watannin zafi muke fama da shi, kuma na'urar da ta dogara da famfon lantarki ba abin jingina ba ce a ƙasar da ta ga yadda Najeriya ta yanke mata wuta a watan Agusta na 2023 har tsawon watanni. Kayan aro ba ya rufe katara. Abin da za mu ɗauka shi ne ƙa'idojin da suka gano: a fara da gyaran ginin kansa, a ajiye ɗumi cikin abu mai nauyi, a tsayar da shi kaɗan daidai jiki, a bar wuta da hayaƙinta a waje.

Game da ginin kansa, ba sai mun je nesa ba. Wanda ya taɓa kwana a tsohon soro a Birni ko Zango, mai katanga mai kauri da rufin azara da ƙasa, ya san ɗakin yana da ɗumi da daren hunturu, yana da sanyi da ranar bazara, domin zafin rana yakan ɗauki sa'o'i masu yawa kafin ya ratsa katangar, sai dare ya yi yake isowa ciki. Fadar Sarkin Damagaram, wadda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19 a zamanin Sarki Tanimu, da ƙasa aka yi ta, ga ta nan tsaye. Bulon siminti mai rami da rufin kwano kuwa ba sa riƙe kome: da rana tanda, da dare randa. Mun bar na farko mun kama na biyu domin ana ganin ginin ƙasa alamar rashi ce, sa'an nan muka koma muna biyan kuɗin fanka da na'urar sanyaya ɗaki da bazara, muna sayen gawayi da hunturu.

Ginin ƙasa yana da nasa wahalar, ba mu musa ba. Yana son yaɓe kafin damina, yana son tushe mai ƙarfi da indararo mai kyau, kuma ambaliyar shekarun nan ta rushe da yawa daga cikin waɗanda aka gina a kwari ko aka yi wa sakaci. Amma masu ilmin abin sun nuna ana iya gyara shi. Malam Falke Barmu, maginin masallacin Yama a jahar Tawa, ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986 da ginin ƙasa. Tun 1980 aka fara koya wa maginanmu ginin ƙasa mai rufin ƙubba wanda ba ya bukatar itace, a Cikal ta yankin Filinge. Mariam Isufu Kamara, ƴar ƙasarmu mai zanen gine-gine, ta yi amfani da bulon ƙasa da ake matsewa da inji a gidajen da ta gina a Yamai a 2016 da masallacin Dandaji a 2018. Ɗan kasuwar da zai kashe miliyoyi a kan gida yana iya neman irin wannan bulo, ya yi tushe da siminti. Wanda ya riga ya rufa da kwano kuma, silin ko da na tabarma ne ko zana yana rage masa ɗarin dare da zafin rana gaba ɗaya. Da hunturu a buɗe ƙofa da hantsi rana ta bugi daɓe, a rufe da la'asar kafin iska ta juya.

Game da gadon ƙasa, maginanmu suna iya ɗaukar gyaran da mutanen Sin suka yi: bakin wuta a bayan ɗaki ko a madafa, hanyar hayaƙi ta bi ƙarƙashin gadon, bututu ya fitar da shi sama a waje. Ta haka wutar tuwon dare ita ce za ta ɗuma shimfiɗar tsoho da yara, ba a ƙara ko dami ɗaya ba, da bazara kuma sai a toshe hanyar gado ya koma gado. Sharaɗin shi ne wanda Koriya ta koya da rayukan mutanenta: kafin kowane hunturu a hura ɗanyen ganye a duba ko hayaƙi yana fitowa ta wata tsaga, in an gani a yaɓe, kuma kada a taɓa rufe ɗaki ruf ba kafar iska. Aiki ne da ya dace makarantun koyon sana'a da sarakunan magina su gwada shi tukuna a fili, su daidaita shi, kafin ya shiga ɗakunan mutane.

In akwai wurin da tiyon ruwan ɗumi zai biya kuɗinsa a ƙasarmu, to ɗakin haihuwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗakin da za a haifi jariri kada ya gaza digiri 25, domin sabon haihuwa, balle bakwaini, yana saurin rasa ɗumin jikinsa, kuma sanyi yana cikin abubuwan da suke kashe shi. Ɗakin haihuwa na bulo da kwano a ƙauye, da ƙarfe huɗu na asubar Janairu, da wuya ya kai wannan ma'auni. Mu kuwa ko a tsakiyar hunturu rana ba ta yanke mana ba. Faifan ɗuma ruwa da rana a kan rufi, da ɗan famfo mai aiki da hasken rana, za su iya zagaya ruwan ɗumi cikin daɓe tun hantsi har la'asar, siminti ya riƙe ɗumin ya sake shi da dare. Ya kamata injiniyoyinmu su gwada wannan a ɗaki guda, su auna da ma'auni tsawon hunturu ɗaya, su gaya mana sakamako. Kafin nan, ɗora jariri a ƙirjin uwarsa fata da fata a lulluɓe su tare, da jinkirta masa wanka, ba sa bukatar ko dala.

Kiranmu ga ma'aikatan da suke tsara gine-ginen gwamnati da masu sa hannu a takardun kwangila shi ne, a duk lokacin da aka kawo zanen aji ko ɗakin shan magani, a tambayi mai zanen digiri nawa ɗakin zai kasance da asubar Janairu, nawa kuma da azahar ɗin Afrilu. In ba shi da amsa a mayar masa da takardarsa ya sake nazari. Ƴan kasuwar da suke shigo da siminti da kwano su ma akwai riba a kayan silin da injin matse bulo, in sun duba. Ba a fafe gora ranar tafiya, gyaran hunturun baɗi da rani ake fara shi.

Amma akwai abin da ba ya jiran baɗi. Daren yau, kafin a kwanta, maigida ya zaga ɗakunan gidansa, na tsofaffi da na yara da na mai gadi, ya tabbata an fitar da kowane kasko waje an kashe shi, a ƙara bargo a maimakonsa. Allah ya raba mu da gobara, ya sa mu ga bayan hunturun nan lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.